Mai Manjagara a Suva

Jikata Litiana ta shigo da tsohuwar jarida,
ta ce malaminsu yana son sunayen gwanaye
na wasannin tsibirai, shekarar da aka yi a garinmu.
Na ce ajiye takardar nan, ta yi ja kamar ganyen taba.
Ai ni ina wurin, yarinya.
Kwana goma sha biyu ina bakin ramin yashi,
manjagara a hannu, wando naɗe zuwa gwiwa.

Ranar buɗewa ruwa ya sauko, ruwan Suva mai naci,
tutoci suka jiƙe, suka manne wa sanduna,
'yan badujala na busa, ƙaho na tofar da ruwa,
ba wanda ya tashi. Uwarki ma tana goye.

Rubuta Sinalei, 'yar Samoa mai ɗaga ƙarfe.
Ta shafa alli a tafi kamar mai shirin tuƙa tuwo,
ta ɗaga abin da ya fi buhu biyu na gwaza,
jijiyar wuyanta ta miƙe kamar igiyar jirgi.
Da ta dire, ƙasa ta amsa har ƙarƙashin ƙafata.
Ba ta yi tsalle ba, ba ta yi kuka ba,
sai ta waiga tana neman silifas ɗinta.

Rubuta Heimana na Tahiti, ko da ban gan shi ba,
tafkin ninkaya yana ƙetaren titi.
Ihu kawai nake ji, sau huɗu a mako guda,
in an yi, sai mu ce: kifin nan ya sake.

Akwai Maesua, daga tsibiran Solomon,
wanda jakarsa ta ɓata a tashar jirgin ruwa.
Aron takalmi ya yi, suka yi masa yawa,
ya cusa jarida a baki, ya ɗaure da ƙyalle.
Na bakwai ya zo a gudun dogon zango,
safarsa ta rine, yana murmushi da haƙori ɗaya.
Ba ya cikin takardarki. Sa shi.

Amma in tambayata kike, wa ya fi kowa,
Lesieli ce, 'yar Tonga, siririya kamar sandar rake.
Tsallenta na ƙarshe, da yamma, iska ta kwanta,
ta tafa sau uku, fili ya ɗauka,
ta taho.
Na ga yashi daga ƙasa, na ga sama daga bisa,
na ga ta a tsakani, ta ƙi saukowa.
Inda diddigenta ya sauka
manjagarata ba ta taɓa zuwa aiki can ba.

Sai jar tuta.
Yatsa ya haura katako da faɗin farce.

Ba a auna ba. Abin da aka soke ba a aunawa.
Alƙali ya ce, "Sakiusa, share."
Na tsaya gyaran ƙota, wadda ba abin da ya same ta,
na sunkuya, na tashi, na sake sunkuyawa,
don ido dubu su ƙoshi da ramin nan biyu.
Ya sake cewa, "Share."
Na share.

Zinariya ta tafi wuyan wata, ga hotonta nan,
ta cancanta, ban ce komai ba.
Lesieli kuwa ta dawo bayan an watse,
ta ɗebi yashi cikin safa, ta ƙulle baki,
ta ce da ni na gode, da harshenmu, a karkace.

Litiana ta ɗaga biro: "To, mita nawa ne, Kaka?"
Na ce taso mu fita tsakar gida.
Tsaya nan, gindin kwakwa.
Na taka, gwiwa na ƙara, na wuce turken wanki,
na wuce inda kakarki take shanya rogo,
na tsaya dab da katanga.
Ta ce, "Mutum ba ya iya wannan."
Na ce rubuta.